Karen Azawak da Ƙasar da Ta Haife Shi

Mu mutanen Sabo, musamman waɗanda suka taso cikin harkar shanu, sunan Azawak ba baƙo ba ne a kunnenmu. Akwai wata saniya ja mai gajeren ƙaho da yawan nono da ake gangarowa da ita daga Nijar, a biyo da ita ta Ƙonni da Illela da Sakkwato har ta iso kara a nan Ibadan. Wasu dillalai su ce mata 'yar Adar, wasu su ce Azawak. Sunan ƙasarta ne ya bi ta. To, wannan ƙasa tana da wani abin kuma da ya ɗauki sunanta har ya kai shi Turai da Amurka, wato wani kare na farauta, dogo siriri, wanda masana harkar karnuka suke lissafa shi cikin jinsunan da suka fi ƙaranci a duniya.

Mun san wani zai ce, duk abubuwan da ke damun jama'a a rasa abin rubutawa sai kare? A yi mana haƙuri a karanta zuwa ƙarshe. Tarihin wannan kare ɗaure yake da tarihin masu shi, kuma masu shi ɗin muna tare da su a nan. Su ne Buzayen da muke gani da rawani a ƙofofin gidaje da shaguna, muna haɗa sahu da su a masallaci, amma ƙalilan ne daga cikinmu suka taɓa tambayar abin da ya raba su da gida.

Ƙasar Azawak

Da farko a bambance tsakanin Azawak da Azawad, don rediyo ya sa sunayen sun cakuɗe wa mutane. Azawad shi ne sunan da 'yan tawayen arewacin Mali suka ba ƙasar da suka yi shelar kafawa a 2012, asalinsa kuma sunan yankin da ke arewa da Tumbuktu ne. Azawak kuwa wani ƙaton kwari ne busasshe da filayen da ke kewaye da shi. Ya taso daga gindin duwatsun Abzin, ya ratsa arewacin jihar Tawa, ya leƙa Mali ta wajen Menaka, sannan ya karkato kudu ya zama Dallol Bosso, ya bi ta Filinge har ya faɗa kogin Kwara. Garuruwansa da aka fi ji su ne Abalak da Cintabaraden da Tasara da Tiliya a Nijar, sai Menaka da Andarambukan a Mali.

Shekaru dubbai da suka wuce wannan kwari kogi ne mai gudana, lokacin da Sahara take da ciyawa da tafkuna. A duwatsun Abzin har yau akwai zanen raƙuman dawa da mutanen wancan zamani suka sassaƙa, a duwatsun Tasili na Aljeriya da Akakus na Libiya kuma akwai zanen maharba tare da karnukansu. Wannan ya nuna mana zaman mutum da karen farauta a wannan shiyya tsoho ne ƙwarai. Daga baya ruwa ya ja baya, kogi ya ƙafe. Yau yawancin Azawak ba ta samun ruwan sama da ya kai milimita 300 a shekara, alhali mu a nan Ibadan muna samun fiye da 1,200. Damina wata biyu ce zuwa uku, sauran shekara sai rijiya mai zurfi da tafiya.

Manyan masu ƙasar su ne Buzayen Iwillimmidan, waɗanda suka rabu gida biyu: Kel Ataram, mutanen yamma, masu Menaka, da Kel Dinnik, mutanen gabas, masu arewacin Tawa. Tare da su akwai Dawsahak, da Larabawan Tasara, da Fulani, ciki har da Woɗaaɓe, sannan a bakin ƙasar ta kudu ga Hausawan Adar suna noma. Duk waɗannan suna riƙe da wannan kare. Buzaye suna ce wa kare idi, na farauta kuwa su ce masa oska. Fulani su ce rawandu. Hausawan can ba su ba shi wani suna dabam ba, kare ne kawai, don su a wurinsu haka kare yake.

Siffarsa da aikinsa

Wanda bai san shi ba, ganin farko zai ce yunwa ce ke damunsa. Haƙarƙarinsa da ƙasusuwan ƙugunsa a bayyane suke ƙarƙashin fata, ciki a shafe, ƙirji mai zurfi, ƙafafu zara-zara. Namiji yakan kai santimita 64 zuwa 74 daga ƙasa zuwa kafaɗa, wato kusan tsayin teburin mai shayi, amma nauyinsa kilo 20 ne zuwa 25, bai wuce rabin buhun siminti ba. Mace takan kai santimita 60 zuwa 70, kilo 15 zuwa 20. Yawancin karnuka tsawon jikinsu ya fi tsayinsu, shi kuwa tsayinsa ne ya fi. Gashinsa gajere ne sosai, a ciki ma kusan babu. Wannan ƙira ita ce ta dace da ƙasar da zafi ke wuce digiri 40: jiki marar kitse ba ya riƙe zafi, dogayen ƙafafu kuma suna nisanta ciki daga rairayi mai ƙuna. Shi ya sa ba ya shiri da sanyi da ruwan sama.

Karnukan farauta iri biyu ne. Akwai masu bin sawu da hanci, irin waɗanda maharban kurmi suke so, don a kurmi ido ba ya cin nisa. Akwai kuma masu farauta da ido da gudu, waɗanda sai a fili suke aiki. Karen Azawak yana cikin na biyun, tare da Saluki na Larabawan gabas da Sulugi na Maroko da Aljeriya. Idan ya hango zomo ko barewa ya zabura, gudunsa yakan haura kilomita 60 a awa, kamar ɗan acaɓa a kan titi mai kyau. Barewa ma ba baya ba ce wajen gudu, sau da yawa ta fi shi a zaburar farko. Abin da yake cin ta da shi juriya ce: ya yi ta bin ta cikin rana har numfashinta ya ƙare, sannan ya bangaje ta ta faɗi, maharbi ya iso da wuƙa. Sukan fita su biyu ko uku ko fiye, su yi wa nama taron dangi.

Farauta dai ba kullum ba ce. Aikinsa na yau da kullum gadi ne. A nan ya bambanta da 'yan uwansa na wasu ƙasashe, waɗanda gudu kawai suka iya. Shi da dare yana kewaya zango, idan kura ko dila ta tunkaro awaki ya yi haushi, sauran karnuka su taru su kore ta. Baƙo ba ya isa bakin tanti sai mai gida ya tsawatar. Ga mutanen gidansa yana da ladabi, yara suna wasa da shi, amma ba ya yarda wanda bai sani ba ya taɓa shi. Masu kiwonsa a Turai har yau suna fama da wannan hali, domin ba a can ya koyo shi ba.

Abincinsa abincin masu shi ne: nono, da ragowar tuwon gero ko fura, da kayan cikin abin da aka kamo. Karya takan yi ciki sau ɗaya ne a shekara, saɓanin karnukan gari masu yin sau biyu. A wurare da yawa kuma ba a barin 'ya'yan duka, sai a zaɓi ɗaya ko biyu da aka ga alamar ƙarfi, tunda gidan da ke auna nono ba zai iya ciyar da kwiyakwiyai shida ba. Wanda aka bari, idan raggo ne ko mai ciwo, daji ba ya raga masa. Haka aka yi ta tacewa ɗaruruwan shekaru, babu takarda babu likita, har aka sami karen da muke magana a kai. Kuma a al'adar manyan Buzaye ba a kai shi kasuwa. Kyauta ake yi da shi ga wanda ake girmamawa.

Abin da littattafanmu suka ce

Mutanen Azawak Musulmi ne 'yan mazhabar Malikiyya kamar mu, Risala da muke karantawa ita suke karantawa, kuma ƙasarsu ta fitar da manyan malamai. To ta yaya suka girmama kare haka, mu kuwa sunansa ma zagi ne a bakinmu? Amsar tana cikin littattafan da ke hannunmu.

Allah Maɗaukakin Sarki, a aya ta 4 ta Suratul Ma'ida, Ya halatta mana cin abin da dabbobin farauta da muka horar suka kamo mana, tare da ambaton sunanSa. Buhari da Muslim sun ruwaito yadda Adiyyu ɗan Hatim, Allah Ya yarda da shi, ya yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tambayoyi a kan farauta da kare, aka yi masa bayani dalla-dalla. Daga nan malamanmu suka fitar da sharuɗɗa. Kare ya zama horarre, in an tura shi ya tafi, in an tsawata masa ya tsaya. Maharbi ne zai sake shi da niyya, ya yi bisimilla lokacin sakin. Naman ya zama na daji wanda ba a iya kama shi da hannu. Kada wani kare da ba a tura ba ya sa baki a kisan. Idan maharbi ya iso ya tarar da sauran rai, dole ya yanka. Idan kuwa kare ya ji masa rauni ya mutu kafin a iso, ba tare da sakacin maharbi ba, ya halatta. A wurin Imamu Malik, ko karen ya ci wani abu daga naman ba ya haramta sauran, a nan ya saɓa wa Imamu Shafi'i da Imamu Abu Hanifa.

Haka kuma a mazhabarmu kare mai rai ba najasa ba ne, yawunsa ma haka. Wanke ƙwarya sau bakwai idan ya sa baki, malamanmu sun ɗauke shi bin umarni ne na bauta. An ruwaito Imamu Malik yana mamakin yadda za a ci abin da kare ya kamo da bakinsa sannan a ƙyamaci yawunsa. Mai Risala, Ibnu Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya kawo hani a kan ajiye kare a gida, sai dai don gona, ko dabbobi, ko farautar neman abinci wadda ba ta wasa ba. Ya kawo hani a kan sayar da kare, da saɓanin malamai a kan wanda aka yi izinin riƙewa, ya kuma ce wanda ya kashe irin wannan sai ya biya ƙimarsa. Masu sharhi sun kawo cewa shi kansa Ibnu Abi Zaid, da katangar gidansa ta faɗi a lokacin tsoro, ya ajiye kare, da aka yi masa magana ya nuna cewa da Malik ya riski zamaninsu da abin da ya fi kare ma zai ajiye.

Kun ga ke nan, karen Azawak ya haɗa biyu daga cikin ayyuka ukun da shari'a ta ambata: tsaron dabbobi da farautar abinci. Rashin sayar da shi da Buzaye suke yi ma ya yi daidai da abin da ke cikin littafi. Ba muna cewa a shigar da kare ɗaki ba, hadisin mala'iku da gidan da ke da kare yana nan, haka ma na raguwar lada ga mai ajiye shi babu dalili. Amma jifa da duka da ƙona kare da ruwan zafi da yaranmu suke yi, babu littafin da ya koyar da haka. Hadisin mutumin da Allah Ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishi, kowane ɗan Islamiyya ya haddace shi.

Abin da ya karya ƙasar

Kare irin wannan yana tsaye ne a kan abu uku: garken da zai tsara, naman da zai kora, da mai gidan da ke da nonon ba shi. Cikin shekara ɗari da 'yan kai duka ukun sun girgiza.

Na farko zuwan Faransawa. A 1916, shekarar da aka kafa wannan unguwa tamu ta Sabo, sarkin Iwillimmidan na yamma, Firhun, ya tsere daga tsarewar Faransawa a Gawo ya ɗaga tutar yaƙi. Aka gwabza a Filinge, sannan aka karya rundunarsa a Andarambukan, shi ma aka kashe shi a cikin shekarar. A ƙarshenta Kawsan ya yi wa Agadas ƙawanya, sai a watan Maris na 1917 Faransawa suka ƙwace garin, da taimakon Turawan Ingila daga Najeriya. Ramuwar da ta biyo baya ta cinye mayaƙa da malamai da raƙuma masu yawa. Manyan gidajen da suke da sukunin hawa raƙumi su fita farauta da karnuka, ƙarfinsu ya karye tun daga nan. Faransawa suka ja iyaka ta tsakiyar Azawak, da aka sami 'yanci a 1960 sai ƙasa ɗaya ta zama rabi a Mali rabi a Nijar.

Na biyu fari. Daga 1968 ruwa ya fara ƙaranci, abin ya kai maƙura a 1973. Garkunan shanu da raƙuma suka zube a bakin rijiyoyi. Mutanen da ba su taɓa roƙo ba suka cika sansanin Lazare a Yamai suna jiran rabon hatsi, kuma wannan yunwa tana cikin dalilan da sojoji suka bayar da Seyni Kunce ya kifar da gwamnatin Diori Hamani a watan Afrilun 1974. Kafin a gama farfaɗowa sai ga farin 1984, wanda Hausawan Nijar suke kira 'yar Buhari, saboda ya zo daidai da rufe iyakar Najeriya a wannan shekara. Wanda ya rasa abin da zai ba ɗansa, ina zai sami na kare? Samari suka watsu, wasu Libiya da Aljeriya, wasu kudu. Dattawan Sabo za su shaida, a waɗannan shekaru ne Buzaye suka yawaita a Kano da Kaduna da Ibadan da Legas, suka kama aikin gadi. Hausawa sun ce abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Mutumin da a gida yake kwana karnuka suna tsaron dukiyarsa, sai ga shi zaune a kan benci har asuba yana tsaron dukiyar wani.

Na uku ƙarewar naman daji. Kare da mashi sun yi ɗaruruwan shekaru suna farauta ba su ƙarar da barewa ba, domin kare yana gajiya, ya kama ɗaya sauran su tsira. Mota mai shiga rairayi da bindiga mai sarrafa kanta ba sa gajiya. Sojoji, da ma'aikatan haƙar ma'adinai, da attajiran ƙasashen Larabawa masu zuwa farautar shaƙatawa, sun share garkuna cikin 'yan shekaru, fari kuma ya ƙarasa. Mariri, farar dabbar nan mai dogayen ƙahoni wadda da fatarta ake yin garkuwar yaƙi, a shekarar 2000 aka bayyana cewa ta ƙare a daji baki ɗaya, sai a 2016 aka dawo da wasu Chadi daga waɗanda aka kiwata a Abu Dabi. Mena, babbar barewar da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Nijar ta ci sunanta, 'yan ɗaruruwa ne suka rage a daji. Jimina ma ta ɓace daga yawancin wuraren da aka san ta. Gwamnatin Nijar ta keɓe gandun daji na Abzin da Tenere a 1988, da na Tarmit a 2012, amma a tsakiyar Azawak abin da ya rage wa kare yawanci zomo ne da ƙananan namu.

A kan waɗannan kuma ga rashin zaman lafiya. Abin da ya faru a Cintabaraden a watan Mayun 1990 ya buɗe ƙofar tawayen da sai a 1995 aka sasanta a Nijar. Mali ta sake kamawa a 2012. A ranar 21 ga Maris 2021 'yan bindiga suka kashe mutum 137 a ƙauyukan yankin Tiliya, a 2022 kuma hare-hare suka tashi ƙauyuka da dama a yankin Menaka. Nan ne cibiyar wannan kare. Mai gudun ceton rai, ɗansa yake saɓawa a kafaɗa.

Yadda ya kai Turai

A farkon shekarun 1970, daidai lokacin da fari ke cin ƙasar, wani jami'in jakadancin Yugoslabiya da ya yi aiki a ƙasar da ake kira Burkina Faso yau ya koma gida da karnukan Azawak, na farkonsu kyauta aka ba shi. Sojoji da ma'aikatan Faransa da suka yi aiki a Mali da Nijar su ma suka tafi da wasu. Da farko Turawa sun ɗauka Sulugi ne na Arewacin Afirka, har suka haɗa sunayen biyu. A farkon shekarun 1980 babbar ƙungiyar masu kiwon karnuka ta duniya, FCI, mai hedikwata a Beljiyam, ta karɓe shi a matsayin jinsi mai zaman kansa, aka ba shi lamba 307, aka kuma danƙa wa Faransa alhakin rubuta siffofinsa. Ya shiga Amurka a tsakiyar shekarun 1980, aka haifi 'ya'yan farko a can a 1987, sai a watan Janairun 2019 babbar ƙungiyar Amurka, AKC, ta ba shi cikakkiyar rajista.

Sai a yaba musu, sun adana shi sun kuma rubuta shi. Amma akwai abin lura guda biyu. Karnukan da aka fara kai wa Turai 'yan tsiraru ne, aka yi ta haɗa dangi da dangi, mu kuwa masu harkar dabbobi mun san abin da wannan ke haifarwa a garke. Don haka ne wasu masu kiwo suka kafa wata ƙungiya mai suna ABIS a Burkina Faso, suka riƙa shiga Sahel suna ƙirga karnuka suna ɗauko sabon jini. Na biyu, takardar siffofin da aka rubuta a Faransa ta taƙaita launinsa ga ja da ruwan ƙasa, da ratsi ko babu, da ɗan fari a ƙafafu da ƙirji da bakin wutsiya, tunda irin waɗanda suka fara gani ke nan. Alhali a ƙasarsa akwai baƙi, akwai mai ruwan toka, akwai dabbare-dabbare. Sai ya zamana karen da aka haifa a bakin rijiyar Abalak, wanda ya kori kura ya kama barewa, zai iya faɗuwa a gasar birnin Faris saboda launinsa. Amurkawa dai da suka zo rubuta tasu takardar sun bar launi a buɗe.

A can ana ba shi abincin gwangwani, ana sa masa riga lokacin sanyi, yana bin zomon roba a fili. Siffa za ta daɗe a haka. Amma juriyar ƙishi da sanin daji da iya tsayawa gaban kura, aiki ne ya gina su, kuma sai inda ake aikin ake gane wanda ya gaje su. An ce karen bana shi ke maganin zomon bana, to sai in ya taso inda zomon yake.

Abin da ya shafe mu

A nan kudu muna ganin yadda masu hali suke zuba kuɗi su sayi karnukan Jamus da na Afirka ta Kudu, masu gashi da nauyi, waɗanda zafin ƙasar nan ke wahalarwa. Wasu 'yan farautarmu na arewa ma sun fara haɗa nasu da irin waɗannan don neman girman jiki, ba su lura cewa gudu da jimiri suke zubarwa ba. A ɗaya gefen kuma ga kasuwar karnuka ta Dawaki a ƙaramar hukumar Kanke ta jihar Filato, inda ake tara karnuka daga jihohin arewa har da na tsallaken iyaka a yi kudu da su. A can tsoka ake dubawa, babu mai tambayar asali. Tsakanin waɗannan biyun, dogon karen Sahel ba shi da mai tsaya masa a ƙasar nan.

Ba za mu iya mayar da damina ko barewa Azawak ba. Abin da ke hannunmu kaɗan ne, amma yana nan. Akwai dattawan Buzaye a tsakaninmu waɗanda suka taso kafin farin 1973, sun ga garkunan mena da idonsu, sun san yadda ake zaɓen kwikwiyo da yadda ake horar da shi. Shekarunsu sun ja. Ɗalibanmu da ke jami'a da kwalejoji su zauna da su, su sha shayi tare, su rubuta abin da suka ji da Hausa, wannan mujalla kuma ta buga. Malaman Islamiyya da na zaure, idan an zo babin layya da yanka da farauta a Risala, kada a tsaya a kan layya a tsallake sauran. Iyaye su hana yara azabtar da dabba kowace iri ce. Mai riƙe da kare don gadi ko farauta kuma ya ba shi haƙƙinsa na ci da sha, ya kai shi a yi masa allurar rigakafin hauka, don kare lafiyar maƙwabta.

Mu ma baƙi ne a ƙasar da muke, iyayenmu da kakanninmu goro da shanu suka kawo su. Ya kamata a ce mun fi kowa sanin darajar wanda ya baro gida, mu riƙa tambayarsa labarin abin da ya baro. Allah Ya zaunar da Azawak lafiya, Ya ba su damina mai albarka, Ya mayar da masu gudun hijira gidajensu, Ya zaunar da ƙasarmu Najeriya lafiya. Amin.